Amsoshin Tambayoyinku: Yarona Ya Natsu, In Dakatar Masa Da Magani?

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga wata uwa ce a Zariya, ta nemi a sakaya sunanta. Ta ce likita ya tabbatar ɗanta mai shekara 16 yana da ciwon baifola, wanda kan sa mutum ya yi kwanaki cikin zumuɗi, ba barci sai surutu, daga baya kuma ya faɗa matsananciyar damuwa. An ɗora shi kan litiyam, ya natsu har ya koma makaranta. Sai dai hannunsa na ɗan rawa, ga yawan ƙishirwa, kakarsa kuma ta ce a bar ƙwayar nan haka. Shin ta dakatar?

Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Don Allah kada ki dakatar. Natsuwar nan da kike gani aikin maganin ce. Idan aka yanke litiyam farat ɗaya, ciwon kan dawo, haɗarin yaro ya cutar da kansa ma yakan ƙaru. Ko ragewa za a yi, likita ne zai yi, sannu a hankali.

Amma damuwarki tana kan hanya. Tun 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya nuna amfanin litiyam, kuma an san halin maganin sarai: tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba tazarar kaɗan ce. Shi ya sa ake auna shi a jini, galibi awa 12 bayan shan na ƙarshe, a duba ƙoda da tayirod ɗin wuya. 'Yar rawar hannu, ƙishirwa da yawan fitsari sanannu ne, ki faɗa wa likita. Abin da na fi ji masa shi ne zafin bazara. Gumi, gudawa, amai ko zazzaɓi, duk abin da ke ƙarar da ruwan jiki yana sa maganin ya taru a jini. Ya riƙa shan ruwa sosai, kuma kafin azumi a nemi shawarar likita. Kada a saya masa diklofenak ko ibufurofen a kemis, su ma suna tara shi. Farasitamol ya fi aminci. Idan rawar ta tsananta, yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi, alama ce maganin ya zama guba, a tsayar da ƙwayar, a nufi asibiti nan take.

Maganin ya zauna a hannunki, a kulle, ke za ki riƙa ba shi. Ki sami ɗan littafi kina rubuta awannin barcinsa, domin raguwar barci kan fara nuna ciwon zai tashi. Kaka kuwa ƙauna ce ta sa ta magana. Ku tafi asibitin tare ta ji daga bakin likita, ta ci gaba da yi masa addu'a, shi kuma yana shan maganinsa.

Wani uba daga Maraɗi ya ce 'yarsa mai shekara 17 na shan balfurowet, wani maganin da ake bai wa masu baifola, ga maganar aure ta taso, yana tambaya ko akwai abin damuwa. Malam, ka kyauta da ka tambaya. Wannan magani na iya nakasa jariri a ciki, har ya shafi kaifin basirarsa. Kada ta daina da kanta. Ku kai ta wurin likitanta tun kafin a sa rana, domin akwai wasu magungunan da zai iya sauya mata.