Ranar da celo ya shigo aji a Jamus

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga wata makarantar firamare nake magana da ku a nan Jamus. Ba za ku ga fuskokin yara ba, don a ƙasar nan ba a ɗaukar hoton ɗan wani sai da izinin iyayensa. Kyamarar tana kan abin kiɗan ne da hannun mai shi.

Wannan da kuke gani shi ne celo, babban wan gogen Turawa. Tsirkiyarsa huɗu, kuma a zaune ake kaɗa shi. Baiwar Allahn nan sana'arta ke nan, a manyan zauruka take wasa, amma ga ta a kan kujerar 'yan aji uku. Ta kafa tsinken ƙarfen da ke gindinsa a ƙasa, ta jingina shi da ƙirjinta. Ku duba bakan da take gogawa da shi, gashin wutsiyar doki ne, sai an shafa masa ƙaro yake kama tsirkiya. Ta miƙa wa yaran ƙaron, kowa yana shinshinawa.

Sai ta fara da kiɗan Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, wanda aka haifa a garin Eisenach a 1685. Kiɗa shida ya rubuta wa celo shi kaɗai wajen shekarar 1720, ta ɗauko mabuɗin na farko. Wallahi ajin da ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai ya yi tsit. Da ta gama sai ta kira wani yaro, ta ce ya ɗora tafin hannunsa a bayan katakon, ta ja tsirkiya mafi kauri. Ya zabura ya janye hannu, ya ce abin yana rawa! Nan take layi ya kafu.

Wannan wurin ne ya fi taɓa ni. Yaro zai iya jin Bach a waya, amma waya ba za ta nuna masa kantar da ke kan yatsun matar nan ba, ba zai ji numfashin da take ja kafin ta fara ba. Kuma sun tambaye ta ba kunya: yatsunki ba sa ciwo? Kin taɓa yin kuskure a gaban jama'a? Ta amsa musu ɗaya bayan ɗaya, ba ta raina tambayar kowa ba.

Akwai shiri guda a ƙasar nan na irin wannan ziyara, Rhapsody in School, wanda makaɗin fiyano Lars Vogt ya kafa a 2005. Makaɗa ne ke zuwa ajujuwa da kansu, ba don a biya su ba. Vogt ya rasu a 2022. Ni a ganina ya hango daidai, domin yara da yawa, musamman 'ya'yanmu baƙi, iyayensu ba za su taɓa kai su zauren kiɗa ba. In ba a aji suka gamu da shi ba, to a ina?

Ga shi an kaɗa ƙararrawa, tana mayar da celon cikin akwatinsa, yara biyu suna rigimar wanda zai riƙe mata ƙofa. Bari in kashe kyamara in je in yi mata godiya. Sai mun haɗu.