Gyaɗa Ɗari a Kan Faifai: Me Launin Taswirar Zaɓe Yake Nufi?

[Allon waya, ana jan yatsa a kan saƙonni. Taswirar Kamaru mai launi-launi.]

Kun ga wannan taswirar? In kana da WhatsApp a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, ta shigo wayarka, ita ko wata mai kama da ita. An shafe wannan yanki da launi ɗaya, wancan da wani launin, sai a rubuta a ƙasa: "Ga waɗanda suka sayar da mu." Wani kuma ya juya ta ya rubuta: "Ga masu son ƙona ƙasa." Ni an turo mini ita daga ɓangarorin biyu, har da wadda ƙanwar mahaifiyata ta turo da asuba, kafin ma ta tambaye ni yadda na kwana.

Yau ba gardamar wanda ya ci zan yi ba. Abu ɗaya nake son mu warware: wannan launin, mutum nawa ne a cikinsa?

[Hotunan layin masu zaɓe, akwati, yatsa da tawada.]

Bari mu bi ta kan abin da kowa ya sani da sauri. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 12 ga Oktoban 2025, 'yan takara 12. Hukumar ELECAM ce ke shirya zaɓe, amma Majalisar Tsarin Mulki ce ke da ikon bayyana sakamako. Ranar 27 ga wata ta ce shugaba mai ci Paul Biya ya samu kashi 53.66, Issa Tchiroma Bakary kashi 35.19. Tchiroma ya ce shi ya ci, bai amince da alƙaluman ba. An fita zanga-zanga a Garwa da Duwala da wasu garuruwa, an rasa rayuka. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri.

[A dakata da kiɗa. Tabarma, faifai, hannu na zuba gyaɗa.]

To, ga faifai. Ga ƙwayar gyaɗa ɗari, na ƙirga da hannuna. Mu ɗauka su ne mutanen Kamaru gaba ɗaya, kusan miliyan 30.

Ku kalli hannuna da kyau, don nan ne ake yin kuskuren.

A ƙasar nan sai ka cika shekara 20 kake zaɓe. Kuma kun san gidajenmu, yara sun fi manya yawa. Saboda haka na kwashe fiye da rabi na ajiye gefe. Waɗannan ba su da ƙuri'a, ko sun so.

Sauran ma ba duka suka yi rajista ba. Wani ba shi da katin ɗan ƙasa, wani ko takardar haihuwa babu, kuma mu a arewa mun san wannan ciwon fiye da kowa. A zaɓen 2025, sunayen da ke cikin kundin ELECAM wajen miliyan 8 ne. A faifanmu, ƙwaya 27 ke nan, ko kusa da haka.

[Hannu na sake ragewa.]

Ranar zaɓe kuma ba duka suka fito ba. Alƙaluman hukuma sun nuna waɗanda suka fito ba su kai kashi 60 ba. Wani yana gona, wata tana jego, wani ya nemi katinsa har ya gaji, wani kuma ya ce shi ya yanke ƙauna. Saura ƙwaya 15 ko 16.

Yanzu sai a raba su. Bisa lissafin da aka bayyana, wajen takwas na Biya ne, biyar zuwa shida na Tchiroma, abin da ya rage na sauran 'yan takara goma. In kai ba ka yarda da wannan lissafin ba, juya shi yadda ka yi imani: ba Tchiroma takwas ɗin, ba Biya biyar. Faifan bai canza ba. Wanda ya zo na ɗaya, ko wane ne shi, ƙwayoyinsa ba su wuce cikin tafin hannu ba, ga kuma tulin nan a gefe da ba a ji ta bakinsa ba.

[Kyamara ta tsaya a kan tulin. Shiru na daƙiƙa uku.]

Mai zana taswira ba ya zana tulin nan. Shi tambaya ɗaya yake yi: wa ya fi yawa a wannan yankin? Sai ya ɗauki launin wannan mutumin ya shafe yankin kakaf, da duwatsunsa da shanunsa da jariransa. Wanda ya fi da ƙuri'a dubu ɗari da wanda ya fi da ƙuri'a goma, launinsu ɗaya a taswira. Wannan shi ne kuɗin goro.

Kuma tsarin namu zagaye ɗaya ne. A Cadi, da kake hango Njamena daga Kuseri, doka ta tanadi zagaye na biyu in babu wanda ya haura rabi. Mu nan babu wannan, wanda ya fi yawa ya ɗauka. Ku tuna 1992, zaɓen shugaban ƙasa na farko bayan dawowar jam'iyyu da yawa. Sakamakon hukuma ya ba Biya wajen kashi 40, John Fru Ndi wajen 36, Bello Bouba Maigari wajen 19. Ke nan ko a wannan lissafin, shida cikin goma na masu zaɓe wani suka zaɓa daban. A shekarar ce kuma jam'iyyar UNDP ta Bello Bouba ta ci kujeru 68 cikin 180 na majalisa. Dattawanmu suna nan da rai, ku tambaye su. Arewa ba ta taɓa zama baki ɗaya ba, kudu ma haka.

[Kasuwar Garwa, gadar Binuwai, masu babur.]

Yanzu a bar lissafi, a zo kan mutum. Don wani zai ce: "To na ji, amma maƙwabcina na san abin da ya zaɓa."

Ka sani kuwa? Ku tuna yadda ake yi. Kowane ɗan takara da takardarsa. Ka ɗebe su duka, ka shiga bayan labule kai kaɗai, ka sa ɗaya a ambulan, ka zubar da sauran, ka fito ka jefa a akwati. Ba jauro a bayan labulen, ba mai gidan haya, ba shugabanka na wurin aiki. Mutum na iya sa rigar jam'iyya wata guda cur, ya ci shinkafar taro, ya shiga ya yi abin da ransa ya ba shi. Matar aure ma na iya fita tare da maigida a babur ɗaya su dawo tare, ƙuri'arsu ba ta haɗu ba. Kuma ni wannan labulen yana burge ni, don shi ne wuri guda da talaka da lamido suke daidai.

To a ce ma ka sani ɗin, shi ya faɗa maka da bakinsa. Ka tambaye shi dalili?

Ɗauki dattijon da ke wajen Kolofata ko Mora, wanda ya kwana a daji saboda Boko Haram, ya binne 'ya'ya. In ya ce shi tsoron duk wata girgiza yake, gara wanda ya sani, ba za ka ce masa wawa ba. Ɗauki saurayin da ya gama jami'ar Marwa ko ta Ngaundere, takardunsa na cikin leda a ƙarƙashin katifa, yana kilando da babur ɗin haya tun safe har dare. An haife shi, an haifi yayansa, wataƙila ma har uwarsa, duk a ƙarƙashin shugaba ɗaya, don tun 6 ga Nuwamban 1982 ake tafiya. In ya ce ya gaji yana son canji, ba za ka ce masa ɗan ta'adda ba. Ga manomin auduga yana lissafin bashin taki. Ga matar Yagwa da ruwa ya cinye mata gida a 2024. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

[Babu hoto da yawa a nan. A bar fuskar mai magana.]

Zan faɗi ra'ayina, kuma nawa ne. Girmama mai zaɓe ba yana nufin ka yarda an yi adalci ba. In kana ganin an murɗe, kana da haƙƙin ka faɗa da ƙarfi, ka nemi takardar sakamakon rumfa, wadda ake ce wa PV, ka tuhumi wanda ya sa hannu, ka tuhumi wanda ya tattara. In an sayi ƙuri'a, kuma ana saye, mun gani da idonmu, to mai jakar kuɗin ya fi cancantar fushinka a kan tsohuwar da ta karɓi sabulu da jaka biyu. Amma mai shayin unguwarku ba shi ya tattara sakamako ba. Ƙuri'a ɗaya ya jefa, kamar taka. In ka ƙona masa rumfa, lissafin Yawunde bai motsa ba ko da ƙwaya ɗaya, kai ne dai gobe za ka rasa inda za ka karya.

[Rubutu a allo: "sardinard", "tontinard".]

Kun san waɗannan kalmomin. Bayan zaɓen 2018 suka yi ƙarfi. Ana ce wa magoya bayan gwamnati "sardinard", wai burodi da kifin gwangwani aka saye su da shi. Ana ce wa magoya bayan Maurice Kamto, ɗan takarar adawa a wancan zaɓen, "tontinard", daga kalmar adashi, ana gugar ƙabilar Bamileke. Da wasa aka fara a Facebook, amma abin ya yi tsami har a Disambar 2019 aka ƙara sashe na 241-1 a dokar laifuka, wanda ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu da tara ga mai cin zarafin ƙabila. Doka dai na nan, sai dai ba ta shiga zaure ta sasanta wa da ƙani.

Kuma mu 'yan arewa bai kamata a koya mana wannan karatun ba. Bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilun 1984, an kama 'yan arewa da yawa, an kashe wasu, kuma shekaru ana yi wa yankin gaba ɗaya kallon zargi, har da waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Iyayenmu sun ɗanɗana abin da ake nufi da a shafe ka da launin da ba naka ba.

[Komawa kan faifai. Hannu na mayar da gyaɗar wuri ɗaya.]

Abin da ya sa na yi wannan bidiyon a gidanmu ya faru. Kawunnaina biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, shagonsu na jere a kasuwa. Shekara da shekaru kwano ɗaya suke ci da rana. Tun bayan zaɓe kowa yaronsa ke kai masa nasa. Da aka yi suna a gidan ƙaramin, babban ya aiko da rago amma bai zo ba. Kakarmu ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, carbi a hannu, duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai. Har aka watse ba ta ce komai ba, sai da yamma ta kira ni ta ce, "Kai ɗan nan, su waɗanda suke faɗa a kansu, sun san an yi haihuwa a gidan nan?"

Na ce, "Inna, ba su sani ba."

Ta ce, "To je ka kira mini shi."

[Hannu ya ɗauki faifan, ya fita daga hoto.]

Wanda ya turo maka taswirar nan, tura masa wannan, ka ce ya ƙirga gyaɗar da kansa. A bidiyo na gaba za mu ɗauki takardar PV guda ɗaya mu bi ta tun daga rumfar zaɓe, hannu bayan hannu, har Yawunde.