Makunnin da Tartsatsi Ke Kunna Shi

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Makunnin da za mu tattauna yau babu abin da ke motsi a cikinsa. Kawunan ƙarfe biyu ne suna fuskantar juna a cikin rufaffen gwangwani, an bar tazara a tsakaninsu, an ɗura iskar gas. Muddin gas ɗin yana riƙe, wuta ba ta wucewa. Da ƙarfin lantarkin ya fi ƙarfinsa, sai tartsatsi ya haɗa kawunan, wutar ta kwarara gaba ɗaya. Wanda ya taɓa ganin bakanike yana daidaita bakin filogin babur ya ga ƙanin wannan na'ura.

A 1889 wani Bajamushe, Friedrich Paschen, ya nuna cewa ƙarfin da ke haifar da tartsatsin ya dogara ne ga matsin gas idan an ninka shi da faɗin tazara. Iskar da muke shaƙa tana riƙe kimanin bolt 30,000 a kowace santimita. Me ke faruwa a ciki? Ilektiron guda, wato ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, ya ɗauki gudu, ya bangaji ƙwayar gas, ya fizgo wani. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har hanya ta buɗe. In ka ƙara matsi, ƙwayoyin gas sun cunkushe, ilektiron zai yi karo tun bai yi gudun kirki ba, don haka gas ɗin ya ƙara riƙo. Abin mamaki, in ka zuƙe gas ɗin sosai ma riƙon yana ƙaruwa, domin babu abin da za a bangaza. A tsakiya ne rauni yake, inda iska ke sakin wuta a wajen bolt 327 kacal.

Shi ya sa mai ƙira ya fi son ƙara matsi a kan buɗa tazara. Doguwar tazara tana jinkirta tashin wutar, tana ƙara wa na'ura girma. Matsi kuwa da bawul ake daidaita shi, ba sai an kwance komai ba.

Amma ni a ganina wahalar aikin tana wajen lokaci ne. Makunnin da zai tashi sa'ad da ya ga dama ba shi da amfani. Sai a ajiye shi ƙasa kaɗan da inda zai tashi da kansa, a sa kan ƙarfe na uku da zai tsokane shi da ɗan tartsatsi. Wannan ne tiragaturon, wanda aka yi aiki da shi a na'urorin rada na Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. In ka matsa kusa da iyaka, yana amsawa nan take, amma yakan tashi ba a umarce shi ba. In ka ja baya da yawa, sai ya yi nawa.

Ku dubi injin Z, wata ƙatuwar na'urar bincike mai sakin lantarki mai yawa a lokaci guda, na cibiyar Sandia a Albukarki ta Amurka. Sassa 36 ne, kowanne da makunnin da ke riƙe wajen bolt miliyan 6, kuma hasken leza ke tsokanar su don su tashi tare, su zuba kimanin amfiya miliyan 26. Saɓanin lokacin tashinsu da aka yarda da shi 'yan kaso ne cikin biliyan na sakan guda.

Kawunan kuma suna cinyewa, domin kowane tartsatsi yana ɗebe ƙarfe, tazara ta sauya, lissafi ya rushe. Don haka ake yin su da haɗin tungistan, wani ƙarfe mai jure zafi, da jan ƙarfe, a mulmule kan kada a bar tsini.

Gas ɗin SF6, wanda ake ɗurawa a irin waɗannan makunnai, ya fi iska riƙo kusan sau uku, sai dai wajen ɗumama duniya ya ninka iskar kabon sau 23,500, kuma in tartsatsi ya ƙona shi yana barin guba. Duk wanda zai buɗe irin wannan gwangwani, ya fara zuƙe gas ɗin zuwa tukunyarsa, ya sa safar hannu da takunkumi.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.