Tomahok: ɗan gatarin da kansa ke cirewa

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, da duk wanda wannan bidiyo ya iske a wani gari.

Ku dubi abin da ke hannuna. Zan buga gindin ƙotarsa a kan wannan dutse. Ɗaya, biyu. Kun ga ƙarfen ya saki, ya gangaro har hannuna. Wanda ya saba da gatarinmu na gida zai ce a mayar wa maƙeri, aikin bai yi ba. To lafiyarsa lau. Da gangan aka yi shi haka, kuma a nan duk amfaninsa yake.

Sunansa tomahok. Kalmar ta fito daga harshen Fawatan, mutanen asali na yankin Birjiniya a ƙasar da ake ce wa Amurka yau. Turawan Ingila da suka kafa garin Jemstawun a 1607 su suka ji ta a bakinsu suka rubuta. Da fari kansa na dutse ne. Daga baya fataken Ingila da Faransa suka riƙa kawo na ƙarfe suna musaya da fatun dabbobi, har aka yi wani iri mai lofe a ƙeya, ƙotarsa a huje, ana sara da shi ana shan taba da shi.

Yanzu ga gatarin gida, ga tomahok, kafaɗa da kafaɗa. Namu, wutsiyar ƙarfen ce ake gasawa a soka ta cikin kumburin ƙota. Ƙarfe na cikin itace ke nan. A tomahok kuwa itace ne ke cikin ƙarfe. Akwai rami a kan ƙarfen, ido, mai faɗi ta sama, matsattse ta ƙasa. Ƙotar ma haka take, kauri a sama, siranta a wajen riƙo. Sai ka zura siririn gefen ta saman idon, ƙarfen ya hau har ya cije a wurin kauri. Babu ƙusa, babu abin da aka cusa. Duk saran da ka yi ƙara matse shi kake, domin ƙarfin wurgin hannunka waje yake tura ƙarfen, wajen kaurin, inda ba shi da hanyar fita.

Na san darajar wannan ne bayan na ga abin tsoro. Farkon sha'awata da wasan jifan gatari, gatarin gida na ɗauka. A jifa na uku kumburin ƙotar ya tsage, ƙarfen ya yi tsalle shi kaɗai ya faɗi kusa da inda ƙanena ke tsaye. Allah ya kiyaye. Tun ranar ban sake jefa mai wutsiya ba, kuma ina roƙonku kada ku gwada. Gatarin gida ya fi tomahok faskare nesa ba kusa ba, amma ba a ƙera shi don ya tashi sama ba.

To yaya za ka zaɓa?

Fara da ƙota. Tsawonta kamu ɗaya naka, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu, wajen santimita 45 zuwa 50 ga yawancin manya. A Amurka da itacen hikori ake yi, saboda yana shan duka bai karye ba. Mu a nan muna da aduwa da marke, waɗanda kakanninmu suka daɗe suna yi wa fartanya ƙota da su. Abin da za ka duba shi ne jijiyar itacen ta tafi sak daga sama har ƙasa, babu ƙulli, babu tsaga, kuma ya bushe sarai. Ɗanyen itace zai yi maka daɗi mako biyu, hunturu na busawa ya motse, ido ya yi masa yawa. Ƙotar ta zama miƙaƙƙiya sumul, ba lanƙwasa, ba ƙululu a gindi, don ta sulɓe daga tafin hannu lokacin jifa. In ka samu mai fenti mai sheƙi, kankare shi, yana sa kanta kuma yana santsi da gumi.

Sai ƙarfen. Nauyinsa rabin kilo ko ƙasa da haka kaɗan ya isa. Za ku ga wasu a intanet baƙaƙe wuluk, da tsini a ƙeya kamar na mashi, ƙarfe da ƙota a haɗe guda ɗaya. Kwaikwayon na sojoji ne. Ni ban ga amfaninsu ga mai kwanan daji ba. Tsinin nan fuskarka yake kallo duk lokacin da ka ɗaga hannu, kuma in abin ya dawo daga jifa, baki biyu ne ke neman ka maimakon ɗaya. Nemi mai ƙeya shimfiɗaɗɗiya kamar guduma.

Ba sai an kawo maka daga waje ba. Garin da maƙeransa suka ƙera igwa a zamanin Sarki Tanimun ba zai gaza ɗan gatari ba. Na kai wa wani dattijon maƙeri guntun ƙarfen sifirin na mota da zane a takarda. Ya juya zanen ya ce, «Yaro, idon nan ai ya karkace, sama ya fi ƙasa.» Na ce, «Baba, haka nake so, karkacewar ita ce aikin.» Ya yi shiru, ya zura yatsa a samfurin da na zo da shi, ya ce, «Na gane, kamar bakin turmi.» Abu ɗaya na roƙe shi: ya taurara bakin kaɗai, ya bar wajen idon da ɗan taushi. Ƙarfen da aka taurara gaba ɗaya yana fashewa in ya daki abu mai ƙarfi. Daga nan sai wajen dukawa, su ɗinka maka kube na fata mai kauri. Fata kam ba a koya wa Zinder.

A daji fa? Ko gona mai nisa ka kwana, ko ka bi dabbobi, ko dare ya yi maka a hanyar Tanut, aikinsa ƙanana ne masu yawa. Feƙe turaku, ka juya ƙeya ka kafa su. Sare ƙaya ka ja ta ka kewaye makwanci. Farfasa ƙirare na hura wutar shayi. In ka cire ƙarfen ka riƙe shi a tafin hannu, ya zama wuƙar kankara, ka fere sanda ko ka gyara fata da shi. In ƙota ta karye, ka sassaƙa wata da kan gatarin kansa, ka zura, ka ci gaba. Wajen farfasa itace ka durƙusa, ka sa wani gungume a ƙasa, domin ƙotar gajera ce, in sara ya kuskure kana tsaye, ƙwaurinka zai samu. Kuma kafin ka sa hannu ƙarƙashin busasshen itace, juya shi da bakin gatarin. Kunama na son wurin.

Busasshe na ce. Gawon da kuke gani cike da gonakin Miriya da Matamaye da Magariya, manoma ne suka raine shi da hannunsu shekara da shekaru. Tun zamanin sarakunan Damagaram na da, sare gawo laifi ne mai tsananin hukunci, kuma dokar gandun daji ta 2004 tana nan. Kada ka sare ɗanye, kada ka mai da itace mai rai abin koyon jifa.

Mu zo filin jifa. Wasan jifan gatari na zamani ya bunƙasa ne daga Toronto ta Kanada, inda wasu abokai suka fara gasa a bayan gida a 2006. A 2017 aka kafa ƙungiyar WATL mai shirya gasar duniya, kuma a dokarta layin tsayawa yana mita 3 da santimita 66 daga allo, wato katakon da ake jifa.

Allon shi ne matsalarmu a nan. Itatuwanmu masu tauri ne. Ka jefi gungumen ƙirya, gatarin zai dawo maka kamar ƙwallo. Nemi farin katako mai taushi wajen kafintoci, mai kauri, ka jera shi a tsaye, ka yayyafa masa ruwa kafin farawa. Jiƙaƙƙen katako ya fi karɓar baki, ya fi daɗewa. Bayan allon ya zama bango ko fili fetal da idonka ke gani, ƙasan kuma rairayi. Kan dutse ko siminti ba wurin wannan wasa ba ne.

Jingina bayanka da allon, ka yi taku biyar, ka juyo. Riƙe ƙota a gindi kamar kana gaisawa da mutum, bakin gatari na kallon allo sak. Ɗaga hannu ta saman kafaɗa, ka sauko da shi, ka saki lokacin da hannunka ya nuna inda kake so. Kada ka karya wuyan hannu. Gatarin da kansa zai juya sau ɗaya.

Nan ne kowa ke ɓata. Ya jefa bai kafe ba, sai ya ƙara ƙarfi. Ƙarfi ba ya gyara komai, tazara ce ke gyarawa. Kalli yadda ya sauka. In saman ƙarfen ne ya daki allo, ƙota ta ɗaga sama, juyin ya yi yawa, matso gaba rabin taku. In ƙota ce ta fara dukan allo, juyin bai cika ba, ja baya rabin taku. Ga shi a hankali: wannan ya zarce, na matso, wannan ya kafe. Hannuna bai canja komai ba tsakanin biyun. In ka samu wurinka, ja layi a ƙasa da ƙafa.

In kuna da yawa, mutum ɗaya ke jifa, sauran duk suna bayansa da nisa, yara kuma a riƙe su. Ba mai zuwa ɗauko gatari sai hannun kowa ya zama wayam. Takalmi rufaffe, ban da silifa. In ya dawo, kauce, kada ka ce za ka cafe. Wajen cire shi daga allo, girgiza ƙota sama da ƙasa, ba gefe da gefe ba, don kada bakin ya ɓantare.

In ƙarfen ya saki bayan mugun jifa, aikinsa ya yi, ya ceci ƙotar daga karyewa. Juya shi kai ƙasa, buga saman ƙotar a gungume sau biyu, ya koma ya cije. Kafin ka tashi, bi bakin da dutsen wasa wuƙa, shafa masa ɗan mai saboda tsatsar damina, ka sa shi a kube. In za ka ratsa gari ko shingen jami'an tsaro, raba kan da ƙota, ka sa su cikin jaka tare da sauran kayan aikinka.