Mutumin da ke tsugune a bayan mai sanda

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a zauren, an bar maganar yadda ta fito daga bakin malamin.)

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla.

Kafin in ce komai, ungo wannan, ɗana. Juya ta a hannunka, sai ka miƙa wa na kusa da kai. Ƙwallon besbol ke nan. Matsa ta ka ji, ba ta lotsawa. Nauyinta wajen giram 145, cikinta dunƙule ne mai tauri da aka naɗe da zare tamau, aka rufe da fata, ɗinki 108. Ku bar ta ta zagaya, amma don Allah ta dawo. [dariya]

Yanzu a ce wani ƙato ya tsaya mita 18 da 'yan kai daga inda kake, ya wurgo maka ita da gudun kilomita 150 a awa. Rabin sakan bai cika ba ta iso. A gabanka ga wani riƙe da sanda yana jiran ya kai mata duka, sandar tana wucewa dab da kanka. Kai kuwa aikinka ka tsuguna ka cafe. Ka tashi, ka mayar, ka sake tsugunawa, fiye da sau 100 a wasa ɗaya, gobe ma haka, jibi ma haka, wata 6 cur. In akwai wanda Bahaushe ya yi wa karin maganar nan ta tsugune ba ta ƙare ba, to mai cafe ƙwallo ne a besbol. [dariya]

Mutum 5 na zo da su yau daga cikin waɗanda suka yi wannan aiki a Amurka. Amma sai na nuna muku abu ɗaya tukuna, in ba haka ba labarin na farko ba zai shige ku ba.

Cikin 'yan wasa 9 da ke tsaron fili, mai cafewa ne kaɗai ke fuskantar filin gaba ɗaya. Sauran duk shi suke kallo. Kuma shi ke zaɓar irin jifan da za a yi. Ku dubi hannuna. Yana tsugune, sai ya sa hannu tsakanin cinyoyinsa inda mai sanda ba zai gani ba. Yatsa ɗaya, a turo ta miƙe da ƙarfi. Yatsa biyu, a murɗo ta, ta zo kamar za ta daki ƙirji sannan ta karkace ta faɗi ƙasa. Mai jifa ya gyaɗa kai, ko ya girgiza a sake masa wata. Me ya sa sai an yi wannan? Saboda ido ba ya iya bin ta. In ka shirya wa mai karkacewa aka turo maka miƙaƙƙiya, ba hannunka za ta samu ba, maƙogwaronka za ta samu. Saboda haka tsakanin mutanen nan biyu amana ce tsagwaronta. Amana. Ku riƙe kalmar nan.

To, na farko: Moses Fleetwood Walker. An haife shi a jihar Ohio a 1856. Baƙar fata ne, mahaifinsa likita kuma malamin coci, shi kansa ya yi karatu a kwalejin Oberlin da jami'ar Michigan. In ka tambayi mutane wane baƙar fata ne ya fara wasa a babbar lig, kowa zai ce Jackie Robinson, 1947. Robinson ya cancanci duk yabon da ake masa. Amma shekara 63 kafin shi, ranar 1 ga Mayu 1884, Walker ya fito wa ƙungiyar Toledo a garin Louisville, a lig ɗin da ake lissafawa cikin manya, kowa na ganin launin fatarsa, bai ɓoye ba. Ya buga wasa 42 a shekarar.

Ku tuna kuma da zamanin. Wannan ƙatuwar safar hannu mai kama da matashi da kuke gani a hoto, babu ita. 'Yar siririyar safa ce mai yankakkun yatsu, wasu ma hannu tsirara suke cafewa. Ragar ƙarfen da ke kare fuska ba ta daɗe da fitowa ba, wani ɗalibin Harvard, Fred Thayer, ya ƙirƙiro ta aka fara sa ta a 1877. Abin kare ƙwauri kuwa sai 1907 Roger Bresnahan na New York ya aro shi daga 'yan wasan kurket, 'yan kallo suka yi ta masa ihu wai rago ne. Rago! Mutumin da ake jifa da ƙwallo mai tauri kamar dutse, don kawai ya rufe ƙwaurinsa. Yatsun masu cafewa na wancan lokaci, in kun ga hotunansu, kamar saiwar rogo, kowanne ya nufi nasa gari.

Ina nake? Walker. Babban mai jifan Toledo sunansa Tony Mullane, haifaffen Ailan, gwani ne na gaske, da dama da hagu duk yana jifa. Shekaru da yawa bayan haka, a 1919, Mullane ya faɗa da bakinsa cewa Walker ne mafi iya cafewa cikin duk waɗanda ya yi aiki da su. Amma, in ji shi, shi ba ya son baƙar fata, don haka ba ya ko kallon yatsun Walker, abin da ya ga dama yake jefawa. Ya ce wata rana Walker ya nemi mai karkacewa, shi kuma ya turo masa miƙaƙƙiya. Walker ya cafe. Ya cafe fa! Sannan ya tako har inda Mullane yake tsaye, ya ce masa: zan cafe maka ba tare da alama ba, amma ba zan yarda in ba ka alama ka saɓa mini ba. Daga ranar har ƙarshen kaka, haka ya yi ta cafe jifan mutumin nan bai san abin da ke tafe ba.

Jama'a, ku tsaya a nan. Ni duk lokacin da na zo wurin nan sai tsigar jikina ta tashi. Bai zage shi ba. Bai kai ƙara ba, wa zai kai wa? Bai ajiye aikin ba. Ya ce, to, tunda ba za ka yi amana da ni ba, mu cire maganar amana, kada dai ka yi mini ƙarya. Ka jefo, ni zan ji da sauran. Ƙwallon tana hannun wa yanzu? Hajiya, ɗaga ta a gani. Wannan abin. Da kusan hannu tsirara. Kuma a lokacin tazarar ma ba ta kai ta yau ba, wajen mita 15 ce. Ba ka san ko za ta miƙe ko za ta karkace ba, kuma wanda ke jefo ta ɗan ƙungiyarku ne, riga ɗaya kuka sa, jirgin ƙasa ɗaya kuka hau.

A watan Yuli ƙwallo ta karya masa haƙarƙari. Ya riƙa wasa jefi-jefi, kafin kaka ta ƙare ƙungiyar ta sallame shi. Kafin nan ma an aiko wa manajansu wasiƙa daga Richmond cewa in Walker ya shiga fili a garin, akwai mutanen da suka yi rantsuwa za su far masa.

Kuma ba Mullane kaɗai ba. Akwai Cap Anson na Chicago, tauraron zamanin. A 1883 ya zo Toledo wasan sada zumunci ya ce shi ba zai shiga fili da baƙar fata ba. Ranar ma Walker hutu za a ba shi saboda ciwon hannu. Da manajan Toledo, Charlie Morton, ya ji haka, sai ya ce to yau ma kuwa sai ya buga, ya sa shi a bayan fili, in Chicago ba ta so ta tafi ba kuɗin ƙofa. Anson ya dubi kuɗi, ya shiga. [dariya] Allah Ya sa mu samu shugabanni irin Morton. Amma a watan Yuli 1887 Anson ya samu yadda yake so a Newark, inda Walker ke wasa a lokacin, aka zaunar da Walker a benci, kuma a ranar ce shugabannin lig ɗin da Newark ke ciki suka yanke cewa ba za a ƙara ɗaukar baƙar fata ba. Ƙofa ta fara rufewa ke nan.

Na ga mai kula da lokaci yana ɗaga mini takarda. Na gani, Malam, na gani.

Na biyu, Josh Gibson, wanda ya rayu a bayan wannan ƙofa. An haife shi a Georgia a 1911, ya tashi a Pittsburgh, ya yi wasa a lig ɗin baƙaƙen fata da Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords, ya buga a Mekziko da Kyuba da Puerto Rico. Mai cafewa ne, amma dukansa aka fi ji. Har tatsuniya aka yi masa: wai ya daki ƙwallo a Pittsburgh ta ɓace a sama, washegari suna wasa a Philadelphia sai ga ta ta faɗo wani ya cafe, alƙalin wasa ya nuna Gibson ya ce, ka fita, jiya, a Pittsburgh! [dariya] Wannan ƙarya ce mai daɗi. Ga gaskiyar: matarsa ta rasu wajen haihuwar tagwaye a 1930 yana ɗan shekara 18. Shi kuma ya rasu ranar 20 ga Janairu 1947 yana da shekara 35, saura wata 3 Robinson ya buɗe ƙofar. Wata 3. A 2024 da hukumar besbol ta haɗa ƙididdigar lig ɗin baƙaƙe da ta sauran, sai ga Gibson a kan kowa: cikin kowane zuwa 1,000 da ya yi da sanda ya ci 372, ya ture Ty Cobb da ya daɗe a saman.

Na uku, Roy Campanella, shi ya shiga ta ƙofar, Brooklyn Dodgers, 1948. Sau 3 yana zama gwarzon lig, 1951, 1953, 1955. A Janairu 1958 motarsa ta zame a kan ƙanƙara, wuyansa ya karye, bai ƙara tafiya da ƙafarsa ba. A Mayu 1959 mutum 93,103 suka taru a Los Angeles domin shi, aka kashe fitilu, kowa ya kunna ashana, aka turo shi a keken guragu.

Na uku... a'a, na huɗu ko? Yogi Berra na New York Yankees. Gajere, ya je yaƙin Normandy a 1944 cikin sojan ruwa, ya dawo ya ci kofin World Series sau 10, babu ɗan wasan da ya kai shi. Ranar 8 ga Oktoba 1956 shi ya ba mai jifa Don Larsen alama, mutum 27 suka zo da sanda, 27 suka koma, ko ɗaya bai taka tushen farko ba, wato matsayar farko da mai sanda ke rugawa in ya daki ƙwallo. Da aka gama ya ruga ya ɗare jikin Larsen kamar yaro ya ga babansa ya dawo daga tafiya. Kun ga abin da amana ke haifarwa in an bar ta. Shi ne kuma mai cewa wasa bai ƙare ba sai ya ƙare. Mu da muka san ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ai ba sabon labari ya ba mu ba.

Sai Johnny Bench na Cincinnati, mai riƙe ƙwallo 7 a hannu ɗaya. Ke da take hannunki, gwada riƙe biyu. Shi ya yaɗa cafewa da hannu ɗaya, a ɓoye hannun jifa a baya kada ya karye. Akwai Moe Berg da ya zama ɗan leƙen asiri, aka tura shi Zurich a 1944 da bindiga a aljihu ya saurari laccar Heisenberg, masanin kimiyyar Jamus, ya gano ko Jamus ta kusa haɗa bam ɗin nukiliya. Akwai 'yan gidan Molina daga Puerto Rico, wa da ƙanne su 3, duk masu cafewa, duk sun ci kofi. Sun zama nawa ke nan? Sun wuce 5. To, a bar shi haka. Tambaya ɗaya, in ji Malam.

Wata ɗaliba: Malam, don Allah shi Walker ɗin, yaya ƙarshensa ya kasance?

Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Da ba ki tambaya ba da na tafi da shi a ciki.

Ya ci gaba da wasa a ƙananan lig har 1889, a Syracuse. A 1891 a garin, wasu fararen fata suka tare shi a hanya, aka jefe shi da dutse a ka, ya zaro wuƙa ya soki ɗaya, mutumin ya mutu. Aka kai shi kotu, masu yanke hukunci 12 duk farare, suka wanke shi. Ba zan mayar muku da shi waliyyi ba: daga baya an kama shi da laifin satar wasiƙu lokacin da yake aikin gidan waya, ya yi zaman kurkuku na kimanin shekara ɗaya. Da ya fito ya sake tashi. Ya riƙe otal, ya riƙe gidan wasan kwaikwayo da sinima a wani ƙaramin gari, Cadiz, a Ohio, har ya yi rajistar wasu ƙirƙire-ƙirƙire nasa na na'urar nuna fim.

A 1908 ya rubuta ɗan littafi. Abin da ya ce a ciki shi ne baƙar fata ba zai taɓa samun adalci a Amurka ba, gara su tattara su koma Afirka. Shi da ƙanensa Weldy, wanda shi ma ya ɗan buga wa Toledo a 1884, har suka riƙa shirya wa masu son ƙaura zuwa Laberiya hanya. Wasu suna karanta wannan su ce ɗaci ya yi masa yawa. Ni kuwa in na karanta, mutumin nan nake gani yana takowa zuwa wurin Mullane. Ya gwada zama da su da alama, ya gwada babu alama. Shi kansa bai zo Afirka ba. Ya rasu a Cleveland a watan Mayu 1924 yana da shekara 67, aka binne shi a Steubenville, kabarin ya yi fiye da shekara 60 ko suna babu a kai, sai daga baya mutanen tsohuwar kwalejinsa ta Oberlin suka je suka kafa masa dutse.

An kira salla ko? To, mu tashi. Wa ke riƙe da ƙwallon? Miƙo ta hannu da hannu, ɗana, kada ka jefo.