Ni da yaran Daegu da harafin F

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Daegu, Koriya ta Kudu. Takwas saura kwata, ga ni a hanya. Mutanen nan fa suna yi wa garinsu laƙabi da Daefrica, wai zafinsa irin na Afirka ne. Na ce su leƙa Sakkwato a watan Afrilu, in sun dawo ma yi magana.

To, ga ƙofar makaranta. Nan ake tuɓe takalmi a sa silifas, malami da ɗalibi duk ɗaya. Bari in sunkuyar da kyamara, ba zan nuna fuskokin 'ya'yan mutane ba.

Masu tambayar yadda na samu aikin koyar da Turanci a nan, ta shirin gwamnati ne, EPIK, wanda ke ɗauko malaman Turanci tun 1995. Kada in yaudare ku, daga ƙasashe bakwai aka fi ɗauka, irin su Amurka da Birtaniya da Afirka ta Kudu, kuma Najeriya ba ta ciki. Ni da fasfon Birtaniya na shigo.

Yau 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare gare ni, 'yan shekara 14. Rashin jinsu har suna gare shi a nan, jung-i byeong, wato ciwon aji biyu. Darasi minti 45 ne, ni da wata malama 'yar ƙasa. Kafin in buɗe baki uku sun kifa kai a tebur. Ban cika ganin laifinsu ba, jiya wasunsu suna hagwon, makarantun lesin na kuɗi, har goma na dare.

Abin da na ɗauko kyamara dominsa shi ne harafin F. Yaren Koriya ba shi da shi sam, coffee ma keopi suke ce masa. Na rubuta fifty a allo, aji ya amsa baki ɗaya: pipti! Wallahi sai da na juya musu baya na danne dariya. Ni ne fa farkon zuwana Ingila mai shago ya sa na maimaita farashi sau uku saboda wannan piptin. Mu Hausawa da leɓɓa biyu muke yin F ɗinmu, Bature kuwa haƙoran sama yake ɗorawa a leɓen ƙasa. Sai da na girma na gane haka, a gaban madubi. Yau kuma ga ni da madubi ashirin a kwali ina rabawa.

Kowa ya riƙe madubi, in bai ga haƙoransa ba, to P ya faɗa. Nan barci ya gudu, aji ya koma hura iska kamar masu fifita wuta.

Wani ɗan baya ya ɗaga hannu: "Ssaem, a ƙasarku ma Turanci na ba ku wuya?" Ssaem shi ne malam a bakinsu. Na ce ku ne kuke miƙe strike ya zama seuteuraikeu, gaɓa biyar, mu kuma screwdriver muka mayar sukurudireba. Na rubuta musu a allo. Ai kuwa na jawo wa kaina.

Kun ji su can a baranda? Da ni suke. Sukurudireba ssaem! Bari in wuce ɗakin cin abinci in duba takardar girkin yau, in miyar da naman alade ce, to shinkafa da kimchi, wato kabejinsu mai tsami da yaji, ne rabona.