Amsoshin Tambayoyinku: Kamara Biyu, Launi Biyu

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Damagaram. Wasiƙar farko ta fito daga wani matashi mai ɗaukar bidiyon bukukuwa a unguwar Birni. Ya ce: "Mun ɗauki ɗaurin aure da kamara biyu, Canon da Sony. Da na zauna montaj, wato haɗa bidiyon, babbar rigar ango a ɗaya fara ce tas, a ɗayar ta koma ruwan ƙwai, fuskar amarya har kore-kore take yi. Yaya zan daidaita su?"

To ɗan'uwa, tun a filin ɗauka matsalar ta faro. Kowace kamara da yadda take gane fari, in ka bar ta a otomatik kuwa, sai ta riƙa sauya launi duk sanda ka juya daga rana zuwa inuwar rumfa. Nan gaba ku sa lamba guda a saitin daidaita fari (white balance) na kamarorin biyu: 5600 Kelvin a hasken rana, 3200 a ƙarƙashin tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja. Sannan wani ya riƙe farar takarda daidai inda ango zai zauna, ku ɗauke ta tare na daƙiƙa biyar, da ita za ka daidaita fari lokacin montaj. In an koma cikin zaure, a sake.

Wanda aka riga aka ɗauka ma yana gyaruwa. Buɗe shi a manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve, akwai ta kyauta. In Sony ɗin a S-Log3 aka ɗauka, wato saitin da ke sa hoto ya fito dishi-dishi kafin a gyara shi, sai ka fara mayar da shi Rec.709, wato launin bidiyo na yau da kullum. Zaɓi kamarar da ta fi kyau ta zama uwa, ka jera hotunan biyu kafaɗa da kafaɗa. Fara da haske: baƙi ya zauna inda baƙin uwar yake, fari ma haka. Daga nan ka koma kan rigar ango, ka rage ruwan ƙwan har ta yi fari. Kada ka yarda da idonka kaɗai, don ido yakan saba da kuskure cikin minti biyu, balle lokacin hunturu da ƙura ke jirkita hasken taga. Dubi ma'aunan da ke cikin manhajar.

Fata ce ƙarshe, kuma a nan nake roƙonku. A ma'aunin launi mai da'ira akwai layin fata, baƙar fata da farar fata duk kusa da shi suke faɗawa. Matso da fuskar amarya kan layin, koren zai tafi. Amma don Allah kada ka ƙara mata haske wai don ta yi fari. Na ga bidiyon da uwar amarya ta kasa gane ƴarta, abin ya dame ni ƙwarai.

Wata baiwar Allah daga Mirriah ta ce hoton iPhone ɗinta yana ƙonewa da haske in ta haɗa shi da na kamara. Hajiya, tun daga iPhone 12 wayar a HDR take ɗauka, wato tsarin ɗauka mai hasken da ya fi na bidiyon yau da kullum ƙarfi. Kashe shi a saitin kamara kafin biki, ki kuma zaɓi hoto 25 a daƙiƙa, saboda wutarmu ta Nijar 50 Hertz ce, kada fitilun zauren su riƙa ƙyaftawa a bidiyon.